Kirista da jarfa: me ayar Firistoci ta hana, me ta bari?

A cikin tsohon birnin Urushalima, ba nisa da Ƙofar Yafa, akwai wani ɗan shago na iyalin Razzouk. Kiristoci ne 'yan asalin Masar, wato Kibɗawa, kuma sana'arsu ta gado ita ce yi wa masu ziyarar ibada zane a fata, irin wanda ba ya wankuwa. A faɗarsu, tun wajen shekarar 1300 kakanninsu ke wannan aiki. Har yau suna ajiye da tsofaffin hatimai na katako masu siffar gicciye da ta tsarkaka. A shafa wa hatimin tawada, a danna shi a dantse, sannan a bi sawun da allura. Mai ziyara ya koma gida ɗauke da shaidar cewa ƙafarsa ta taka ƙasa mai tsarki. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da can, alhajin da ya sauka, tun bai buɗe jaka ya raba tsaraba ba, murmushinsa ya riga ya ba da labari, haƙorin Makka na ƙyalli.

To amma a ce wani matashi ne daga wata majami'a a Kafanchan, ko Jos, ko Sabon Garin Kano, ya samu kujerar ziyara ya dawo da irin wannan gicciye a hannu. Ba na shakka kafin Lahadi ta zagayo dattawan ikkilisiya sun zauna a kansa, wani ma ya kawo shawarar a sa shi ƙarƙashin horo. Zane ɗaya ne, a can shaidar bangaskiya, a nan abin tuhuma, alhali su duka Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa. Shi ya sa tambayar nan, ko ya halatta Kirista ya yi tatu, ba ta amsuwa da i ko a'a cikin numfashi ɗaya, duk da cewa kowane ɓangare yana so a amsa masa ita haka.

Abin da samari ke kira tatu, Hausa tana da sunansa tun kafin injin lantarki: jarfa. Ita kalmar tatu baƙuwa ce har a Turancin, daga tsibirin Tahiti ta fito, ta bi jirgin Kyaftin Cook bayan tafiyarsa ta 1769. Bambancin jarfa da lalle shi ne zurfi. Lalle a saman fata yake zama, mako biyu ko uku ya koɗe. Jarfa kuwa allura ce ke kai launin ƙarƙashin fatar sama, inda jiki ba ya saɓulewa, don haka da ita za a shiga kabari.

Duk gardamar a kan aya guda ta rataya, Littafin Firistoci 19:28. Ma'anarta: kada ku tsattsaga jikinku saboda matattu, kada kuma ku sa wa kanku rubutun da aka zana a fata, ni ne Ubangiji. Kashi biyu ke nan. Na farko ba shi da duhu. A ƙasar Kan'ana da maƙwabtanta, mai makoki yakan yanki jikinsa har jini ya zuba, kuma Maimaitawar Shari'a 14:1 ta sake hana wannan, ta haɗa shi da aske goshi saboda mamaci. A 1 Sarakuna 18:28 an nuna annabawan Ba'al a Dutsen Karmel suna ta sassara kansu da takuba da masu don gunkinsu ya amsa, annabi Iliya yana tsaye yana kallo. Tsagar jiki a wannan duniyar ibada ce, magana ce da ake yi da matattu da alloli.

Kashi na biyu ne ke da wuya. Kalmar Ibrananci da aka fassara da zane, ƙa'aƙa, sau ɗaya tak ta zo a dukan Tsohon Alkawari, a wannan ayar. Ba wani wurin da za a je a gwada ta a ga yadda aka yi amfani da ita. Masu fassara sun yi ta ne bisa kalmar da ke gefenta, wadda ke nufin rubutu, da kuma yadda malaman Yahudawa suka fahimce ta. Sannan akwai tambayar nahawu: shin "saboda matattu" ya tsaya a kan tsaga ne kawai, ko ya rufe har zanen? Idan ya rufe, abin da aka hana shi ne jarfar makoki. Idan bai rufe ba, hanin ya fi faɗi. Masana sun rabu.

Akwai kuma wata fahimta da ta fi kama hankalina. A tsohuwar Mesofotamiya da Masar, wanda aka fi sani da tambari a fata shi ne bawa da kamammen yaƙi. Ana sa masa sunan ubangidansa, ko na sarki, ko na gunkin haikalin da aka ba shi, kamar yadda ake sa wa dabba lamba. Wasu masana biyu, John Huehnergard da Harold Liebowitz, sun kawo hujja a 2013 cewa wannan ne asalin hanin: mutanen da aka fitar daga bauta a Masar ba za su sake ɗaukar alamar bauta ba. Littafin Firistoci da kansa yana faɗa a sura 25 cewa Isra'ilawa bayin Ubangiji ne, shi ya fito da su, ba za a sayar da su kamar bayi ba. In haka ne, tambayar da ayar ke yi wa fata ita ce, kai na wane ne?

Malaman Yahudawa ma sun taɓa wannan gaɓa. A cikin Mishna, kundin dokokinsu da aka tattara wajen shekarar 200, an ce mutum bai cancanci hukunci ba sai ya haɗa biyu, ya tsaga kuma ya cusa launi, ko tawada ko kwalli ko duk abin da ke barin tabo. Wani malami a nan ya ƙara da cewa sai in suna aka rubuta, kuma daga baya aka fahimci sunan gunki yake nufi. Ra'ayinsa bai yi rinjaye ba, shari'ar Yahudanci ta hana jarfa gaba ɗaya har yau. Amma babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a 1204, da ya zo bayyana dalili, cewa ya yi masu bautar gumaka ne ke yi wa kansu tambari don nuna cewa su bayin gunkin ne.

Wannan na Yahudawa ne. Shi Kirista fa, ayar tana ɗaure shi?

Amsar da matasa suka fi so ita ce a ɗaga ido sama kaɗan a cikin surar. Aya ta 27 ta hana aske gefen kai da rage gefen gemu. Aya ta 19 ta hana sa tufa mai zare iri biyu, da shuka iri biyu a gona ɗaya. Faston da ke tsawa a kan tatu, in ji su, ya fito daga shagon aski jiya, yadin da ke jikinsa auduga ce gauraye da roba, a gonarsa kuma ga gero ga wake a kunya ɗaya. Hujja ce mai cizo, kuma ba a cika samun amsarta a kan bagade ba. Sai dai ba ta kai inda masu ita ke zato. A wannan surar dai, aya ta 18 ce ke cewa ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, wadda Yesu ya kira doka ta biyu mafi girma. A nan aka hana kwana da haƙƙin ɗan ƙodago, aka hana yawo da tsegumi, aka hana algus a mudu da ma'auni, aka ce a miƙe wa mai furfura. Ba Kiristan da zai ce waɗannan sun wuce da Tsohon Alkawari. Surar ta cakuɗa su ne kamar hatsin bara, ba za a zubar da ƙwaryar duka ba, ba kuma za a ce kowane ƙwaya ɗaya ne ba.

Tsohuwar dabarar ikkilisiya ita ce raba Shari'ar Musa gida uku: ta ɗabi'a, ta ibadar haikali, da ta mulkin ƙasar Isra'ila. Malamin tauhidin Katolika Toma Akwinas ya tsara ta a ƙarni na 13. Ƙa'ida ta 7 cikin ƙa'idodi 39 na Anglika, na 1571, ta ce dokokin bukukuwa da na mulki ba sa ɗaure Kirista, amma ba wanda ya kuɓuta daga dokokin ɗabi'a. Dabara ce mai amfani, amma Musa bai sa wa ayoyin lamba ba. Mai karatu ne zai yanke ko aya ta 28 'yar gidan aya ta 27 ce ko ta 18. Ni dai a ganina zuciyarta ta ɗabi'a ce, wato kada ka ba da jikinka ga wani abin bauta, amma siffarta ta zamaninta ce.

Abin da ya ƙarfafa mini wannan shi ne taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15. Tambayar da aka zauna a kanta ke nan ƙiri-ƙiri: wane kashi na Shari'ar Musa za a ɗora wa Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da suka ba da gaskiya? Manzanni suka tsaya a kan abubuwa huɗu, abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Waɗannan Al'ummai kuwa a duniyar da jarfa ta zama ruwan dare suke zaune, cikinsu har da bayi masu tambari. Ba a ambace ta ba, kuma babu inda Sabon Alkawari ya ambace ta da suna.

Da aka ga ayar Firistoci ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba, sai aka jingina ta da 1 Korintiyawa 6:19, jikinku haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Wa zai yi wa bangon haikali zane? To, Sulemanu ya yi. A 1 Sarakuna 6:29 an sassaƙa wa bangon haikalin siffofin kerubobi da itatuwan dabino da furanni, ciki da waje. Wannan raha ce kawai, ba hujja ba. Hujjar ita ce Bulus a wannan wurin maganar zuwa wajen karuwai yake yi, duk sakin layin a kan fasikanci yake. Kuma in za a miƙa ayar ta kai ga allurar mai jarfa, dole ta biya ta kan hujin kunnen da ake yi wa jaririya ranar suna, da man bilicin da ke kan madubin 'yan mawaƙa, wanda ya fi kowace tawada ɓata fata. Ban taɓa jin an hana mace Jibin Ubangiji saboda 'yan kunne a yawancin majami'unmu ba. Rifkatu ma zobe aka sa mata a hanci a Farawa 24, ba wanda ya ce uffan.

Duk da haka ayar tana da haƙori, sai dai wani ɓangaren take cizo. Ƙarshenta cewa ya yi ku ba na kanku ba ne, da tamani aka saye ku. Wannan ya rushe hujjar da na fi ji a bakin masu zane, "ai jikina ne". Kowa na iya faɗin haka, ban da Kirista.

Su ma masu goyon bayan tatu suna da ayoyinsu, kuma gaskiya yawancinsu jan su aka yi da ƙarfi. Suna kawo Ru'ya ta Yohanna 19:16, inda aka ga suna rubuce a rigar Almasihu da cinyarsa, su ce ga Yesu da tatu. A wannan wahayin dai takobi na fitowa daga bakinsa, idanunsa harshen wuta ne. Ba hoton fasfo ba ne. Suna kawo Galatiyawa 6:17, inda Bulus ya ce yana ɗauke da tabban Yesu a jikinsa. Kalmar Helenancin, stigmata, lalle ita ake amfani da ita ga tambarin bawa, amma tabban Bulus na bulala ne da jifa. Shi da kansa ya lissafa a 2 Korintiyawa 11: bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, duka da sanda sau uku, jifa sau ɗaya. Ba shago ya je ya zaɓi zane ba. Wadda ta fi nauyi a cikinsu ita ce Ishaya 44:5, inda annabin ya hango ranar da wani zai rubuta a hannunsa "na Ubangiji". Ko da misali ne, annabin ya ɗauki hoton tambarin bawa ya mai da shi abin alfahari, bai ji ƙyamarsa ba.

Tarihin ikkilisiya ya bi wannan sawun fiye da yadda muka sani a nan. A daular Rum jarfa hukunci ce, ana yi wa bawan da ya gudu da wanda aka yanke wa aikin haƙar ma'adinai, sau da yawa a goshi. Wajen shekarar 316 sarki Kustantin ya hana yin ta a fuska, da dalilin cewa fuska an yi ta ne cikin kamannin kyan sama, amma ya bari a yi a hannu da ƙauri. A ƙarni na 6 wani malamin Kirista, Furokofiyus na Gaza, yana sharhi a kan wannan ayar ta Ishaya, ya ce Kiristoci da yawa suna zana gicciye ko sunan Almasihu a hannuwansu. Abin da aka yi don wulaƙanci, suka ɗauka da kansu. A Sudan, gefen Kogin Nilu, an tono gawar wata mata da ta rayu wajen shekarar 700, zamanin da Nubiya ke ƙasar Kiristoci. A cinyarta akwai sunan mala'ika Mika'ilu da haruffan Helenanci, kuma gidan tarihin Birtaniya ya nuna ta a 2014. A Habasha da Eritiriya, har yau za ka ga tsofaffin mata da gicciye a goshi ko jerin zane a wuya. Matan Katolika na Bosniya sun yi ta yi wa 'ya'yansu gicciye a hannu a zamanin mulkin Usmaniyya. Su kuwa Kibɗawa, ɗan ƙaramin gicciyen da ke cikin wuyan hannun dama shi ne katin shaidarsu. A wasu majami'un Masar shi ake nuna wa mai gadi a ƙofa, kuma shi ne alamar da ba ta ɓoyuwa ranar da ɓoyewa za ta yi amfani. Waɗannan ikkilisiyoyi sun girmi ECWA da COCIN da EYN da fiye da shekara dubu. Da wuya mutum ya ce su duka ba su taɓa cin karo da Firistoci 19:28 ba.

To mu daga ina muka samo tsananin? A fahimtata, ya zo ne cikin akwatin 'yan mishan na ƙarni na 19 da na 20. A ƙasashensu jarfa ta matuƙan jirgin ruwa ce da sojoji da 'yan kurkuku, duk da cewa wasu 'yan sarauta sun yi. Shi kansa yariman Ingila da ya zama Edward na bakwai an yi masa gicciye a Urushalima a 1862. A filin mishan kuma sun tarar da ita ɗaure da addinin gargajiya. A Tahiti da maƙwabtan tsibirai, bayan sarakunan wurin sun karɓi Kiristanci, dokokin da aka kafa da shawarar 'yan mishan sun hana ta. Abin da ya iso mana ke nan: ɗabi'ar mutumin kirki na Ingila da Amurka ta wancan zamani, an naɗe ta da aya.

Amma akwai wani abu a gidanmu da ba mu cika son kallo ba. Dattijon da ke karanta wa matashi wannan aya, sau da yawa kumatunsa na ɗauke da aikin wanzami. Bagobiri da nasa zanen, Babarbare da nasa, wani da bille, kuma ƙabilu da dama na tsakiyar Najeriya, inda Kiristanci ya fi kafuwa, suna da nasu. Kakanninmu mata sun yi jarfa da shasshawa don ado, a fuska da wuya da dantse. In harafin ayar za a bi, tsaga aka fara ambata kafin zane. Laifi tudu ne. Na san amsar, kuma amsa ce mai kyau: Baba bai zaɓa ba, yana jariri aka yi masa, kuma ba don matattu ko gunki aka yi ba, don a san gidansu ne, musamman zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi. To ai da wannan amsar Baba ya riga ya yarda cewa dalili da ma'ana ake dubawa, ba tabon kansa ba. Ita kuwa dokar ƙasa ta riga ta shiga tsakani ta wata fuskar: sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya haɗa tatu da tsagar fata ya hana a yi wa yaro, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ko ɗaurin wata ɗaya.

Irin tsagar da ta fi kusa da abin da Firistoci ya hana ma ba ta shagon tatu ba ce. Ita ce wadda ake yi a ɗaki a rufe, a tsaga a cusa garin magani don tsari daga maita ko don ƙarfe kada ya kama. Wannan riga ke rufe ta, mai ita yana iya zama a bencin gaba, ba wanda zai kira shi gaban dattawa.

Akwai kuma wata da ta kamata masu zane su tsaya a kanta. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna da tatu, kuma dalilin da suka fi bayarwa, kashi 69 cikin ɗari, shi ne girmama ko tunawa da wani mutum ko wani abu. Sunan mahaifiya da ranar rasuwarta a ƙirji, wannan shi ne zanen da kowa ke tausaya wa, kuma shi ne ya fi kusantar lafazin ayar, "saboda matattu". Ban ce ɗaya suke ba. Mai makokin Kan'ana yana neman wani abu ne daga mamacin ko yana tsoronsa, shi kuwa wannan kewa ce. Amma wanda zai yi, ya dace ya tambayi kansa ko baƙin cikinsa irin na masu bege ne, yadda 1 Tasalonikawa 4:13 ta faɗa. A binciken dai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zanen sun ce suna da-na-sanin aƙalla ɗaya.

Inda nake ganin Sabon Alkawari ya fi haska wannan magana ba a ayoyin zane ba ne, a maganar kaciya ne. Ita ma alama ce a jiki da ba ta gogewa, kuma a kanta ikkilisiyar farko ta kusa tsagewa. Bulus ya ce a Galatiyawa 5:6 kaciya da rashinta ba su da wani tasiri cikin Almasihu. Amma dubi abin da ya yi. Da aka matsa a yi wa Titus, bai yarda ba, domin masu matsawar sun mai da ita sharaɗin ceto. Shi kuma Timoti, a Ayyukan Manzanni 16:3, Bulus da kansa ya sa aka yi masa, saboda Yahudawan yankin da za su yi aiki a cikinsu. Aiki ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su shi ne me alamar ke faɗa wa mutanen da za su gan ta.

A auna jarfa da wannan mudu. Duk wanda ya ce mai tatu ba zai shiga sama ba, ko ya haɗa ta da alamar dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna 13, wadda a nassin alamar mubaya'a ce ga mai gāba da Allah, ya ɗora wa mutane kayan da manzanni ba su ɗora ba. A nan sai a tsaya irin tsayuwar da Bulus ya yi a kan Titus. Amma matashin da ke zaune a Zariya ko Gusau ko Maraɗi, shi ma sai ya karanta Timoti. Maƙwabtansa Musulmi ne, kuma a wurinsu maganar ba ta da ja: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Ko ayar Yohanna 3:16 ya zana a dantse, abin da maƙwabcin zai karanta shi ne yaron ya lalace. A kudu kuma an daɗe ana danganta wasu zane da ƙungiyoyin asiri na makarantu, kuma cikin koke-koken zanga-zangar EndSARS ta 2020 har da yadda ake tare matashi a hanya don kawai an ga tatu ko kitson dada a kansa. Zalunci ne, amma yana nuna yadda ake karanta fata a ƙasar nan. Ƙa'idojin aikin soja da aka sabunta a ƙarshen 2024 su ma sun hana. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 10 abu na iya halatta bai zama mai amfani ba, ya kuma ce kada a zama sanadin tuntuɓe ga Yahudawa, ko Helenawa, ko ikkilisiyar Allah. Cikin 'yan ƙwallo, Messi na da hoton Yesu a kafaɗa, Giroud na da farkon Zabura 23 da Latin a hannu, ba wanda ya hana su aiki ko aure. Ɗan Tudun Wada ba a garinsu yake ba.

Cocin Katolika, wadda ba ta da dokar da ta hana jarfa, tana tafiya da ƙafafun nan biyu. A Maris 2018 Fafaroma Francis ya gaya wa taron matasa a Rum kada a ji tsoron tatu, ya kawo misalin Kiristocin Eritiriya da gicciyensu na goshi, ya ce matsalar wuce gona da iri ce. A 2024 kuma hukumar da ke kula da majami'ar Bitrus ta hana ma'aikatanta zanen da ake gani. Ba saɓani ba ne. Ɗaya maganar zunubi ce, ɗaya ta wurin aiki.

Sauran abubuwan gajeru ne. Allurar da ba a tsabtace ba tana ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kumbura, kuma goge zane da hasken leza ya fi wuya da haɗari a kanta, ga tsada. Yaron da ke cin tuwon gidan ubansa, dokar girmama iyaye ta riga ta amsa masa kafin a kai ga Firistoci. Wanda kuma zuciyarsa ke ɗar-ɗar, Romawa 14:23 ta ce abin da ba a yi da bangaskiya ba zunubi ne, ya bari. Surar dai ita ce, a gardamar abincin da ya halatta, ta hana mai ci raina marar ci, ta kuma hana marar ci hukunta mai ci, kuma a majami'unmu rabin farko aka fi wa'azi da shi ga matasa, rabi na biyu ba a cika karanta wa dattawa ba.

Saura mutumin da ya zo da nasa zanen tun daga waje. Ya yi rayuwarsa, wataƙila ma alamar wata ƙungiya ce a kafaɗarsa, yanzu ya tuba yana neman baftisma. Shi ne wanda wannan gardama ta fi taɓawa, domin shi ke sa riga mai dogon hannu cikin zafin Afrilu don kada 'yan Zumuntar Mata su gani. Akwai aya da ta yi kamar don shi aka rubuta ta. A zamanin Helenawa wasu Yahudawa sukan je a yi musu aiki don ɓoye kaciyarsu, saboda a filin motsa jiki tsirara ake shiga kuma suna jin kunya. Bulus ya san da wannan. A 1 Korintiyawa 7:18 ya ce wanda aka kira yana da kaciya, kada ya nemi kawar da ita, wanda aka kira ba shi da ita, kada ya je ya yi. Idan abin da ke kafaɗar sabon tuban sunan wani abin bauta ne ko na ƙungiyar da ya fita, yana iya so ya rufe shi da wani zanen ko ya tara kuɗin gogewa, kuma ikkilisiyar da ta damu sai ta taimaka masa da kuɗin. Amma ba na ganin inda nassi ya ba dattawa izinin riƙe masa ruwan baftisma har sai fatarsa ta koma yadda take.